Ranar Da Shida Ta Zama Bakwai

Sau da yawa masu karanta littattafaina sukan aiko mini da tambaya, wai a ina na koyi kwatanta fuskar mace haka, har in faɗi inda inuwa ta kwanta a gefen hancinta da yadda haske ya sauka a goshinta. Wasu har cewa suke ko karatun zane na yi. To ban yi ba, iyakata sakandare, ita ma da ƙyar da jiɓin goshi. Abin da na sani a shagon ɗaukar hoto na koyo shi, a birnin Jidda, inda na yi aikin farko da aka taɓa biya na albashi a rayuwata, kuma inda na kusa jawo wa kaina da wata baiwar Allah abin da ruwa ba zai wanke ba.

A azumin shekarar 2012 na tafi umara, ina da shekara 21, aurena ya mutu, ga ɗana ban daɗe da yaye shi ba na danƙa wa Inna. Ba zan ɓoye miki ba 'yar uwa, tun daga filin jirgin Malam Aminu Kano na san ba da ayarin da muka tafi zan dawo ba. Aka yi salla, abokan tafiya suka juyo gida, ni kuwa na zarce Jidda wurin Gwaggo a unguwar Karantina. Biza ta ƙare, na zama abin nan da ake kira takari. Gwaggo ta fi shekara 20 a can tana sayar wa mutanenmu tuwo da waina. Ɗaki ɗaya ne, mu biyar muke kwana, ga zafin Jidda ba irin na Kano ba ne, jiƙaƙƙe ne saboda teku, kamar an tsoma bargo a ruwan zafi an lulluɓa miki.

Yawancin matan da ke irin halina aikatau suke yi a gidajen Larabawa, kuma ni ma can Gwaggo ta nufa da ni. Sai ga wata mai yi wa amare lalle da takan zo sayen waina, ta ce akwai wani situdiyo na mata zalla ta wajen titin Tahliya, suna neman yarinya mai ƙarfin ɗaukar kaya, wadda bakinta yake a rufe. Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ƙarfi dai akwai, bakin ne ban ɗaukar miki alkawari ba."

Bari in yi miki bayanin yadda abin yake, don in ba ki gane nan ba, ba za ki gane abin da ya faru da ni daga baya ba. A can, bikin aure gida biyu ne, maza nasu zauren, mata nasu, kuma ba a yarda namiji ya ɗauki hoton matar da ba muharramarsa ba tana buɗe da kai. Shi ya sa daga mai ɗaukar hoto, da mai gyara shi a kwamfuta, da mai buga shi, har mai shara, duk mata ne a irin waɗannan wuraren. Ƙofar shagonmu ba ta da gilashin da za a leƙa, an rubuta a jikinta cewa an hana maza shiga, sai wata 'yar taga da direbobi ke miƙo rasit ta ciki. Mai shagon 'yar ƙasa ce, muna ce mata Madam. Babbar mai ɗaukar hoto kuwa 'yar Filifin ce, 'yar gajeruwa mai faɗa, sauran 'yan ƙasarsu suna ce mata Ate, wato Yaya da yarensu, ni ma na bi sahu.

Ranar da na fara zuwa, Madam ba ta tambaye ni takardar makaranta ba, igama ma ba ta tambaya ba, don ta san amsar. Tafin hannuna ta duba, ta karɓi wayata ta jefa a aljihun tebur, ta ce kullum nan ne masaukinta har in tashi. Da na buɗe baki na yi mata Larabcin Islamiyya, sai duk shagon ya kwashe da dariya, wai ina magana kamar mai karanta labarai a talabijin. Aka yanka mini riyal 800 a wata. A lokacin riyal ɗaya ya haura naira 40, na buga lissafi a zuci, na ga kuɗin madarar ɗana da maganin Inna, har da ɗan abin da zan jefa a adashi. Wallahi a daren nan ban yi barci ba don murna.

Ni a zatona kyamara za a ba ni. Ina! Wata uku ko taɓa ta ban yi ba, sai dai in goge jakarta. Aikina shi ne in riga kowa zuwa, in share, in yi wa labulen bango guga, in sa batura a caji, in naɗe wayoyin wuta in liƙe su a ƙasa don kada mai dogon takalmi ta harɗe. Sai kuma babban aikina, riƙon faifai. Wani zagayayyen abu ne mai faɗi kamar faifan rufe tukunyar biki, amma na yadi, ana lanƙwasa shi ya shiga jaka, fuska ɗaya ruwan azurfa, ɗaya ruwan zinare. Da shi ake tare hasken fitila a mayar da shi inda inuwa ta yi yawa. Kya ce wasa ne, to ki riƙe shi sama da kanki minti 20 ba motsi ki gani. Ate tana leƙen kyamara tana daka mini tsawa, "Sama! Ƙasa! Kaɗan na ce!" Ni kuwa ban ga abin da ke canzawa ba, sai dai kafaɗata da ke neman ɓallewa.

Wata rana ba kowa a shago, ta zaunar da ni a kujerar amare, ta kashe duk fitilu ta bar guda ɗaya, irin mai lema ɗin nan. Ta sa ta daidai saman kaina ta ɗauka, ta nuna mini a bayan kyamara. Na ga wata tsohuwa idanunta sun faɗa rami. Ta sauko da ita ƙasan haɓata ta ɗauka, na ga aljana. Sannan ta matsar da ita gefe, ta ɗaga ta sama da idona kaɗan, ta ɗora mini faifan a cinya ta fuskar zinare, ta ɗauka. 'Yar uwa, sai na ga wata kyakkyawar yarinya, fatarta na sheƙi, da ɗan ɗigon haske a cikin kowane ido. Fuska ɗaya, minti biyar, mutum uku. Ta ce mini kyamara ba ta san fari ba, ba ta san baƙi ba, duk abin da aka nuna mata so take ta mayar da shi toka-toka, shi ya sa in aka bar ta da dabararta farar rigar amarya sai ta fito kamar an wanke ta da ruwan kwata. Daga ranar na daina kallon Ate in ina riƙe da faifai, fuskar mai hoton nake kallo, in ga inda inuwa ta maƙale in kore ta tun kafin a yi mini tsawa.

Tun daga nan kuma na zama abin gwaji. Kullum kafin masu hoto su iso ni ake zaunarwa a daidaita fitilu a kaina, a ɗauka, a duba, a goge. Ba na jin akwai fuskar da kyamarar nan ta ɗauka kamar tawa, amma ko ɗaya ba a taɓa bugawa ba.

Ba amare kaɗai muke ɗauka ba. Da rana 'yan kasuwa kan aiko da kaya a yi musu hoton talla, abayoyi, akwatunan dabino, tiren cakulan, sarƙoƙin gwal, da kwalaben turare. A cikinsu duka ba abin da ya kai kwalbar turare mugunta. Madubi ce, duk abin da ke ɗakin sai ta kwaso shi. Mun taɓa shafe wuni guda a kan kwalba ɗaya ta turaren oud, da aka buɗe hoton a kwamfuta aka ƙara girmansa, sai ga ni tsaf a cikin murfin, da jan ɗankwalina, baki a buɗe. Daga ranar aka ce in kayan ƙyalli za a ɗauka baƙaƙen kaya zan sa, da safar hannu, don ko shatin yatsa ɗaya sai an yi awa ana goge shi. Cakulan kuma narkewa yake a ƙarƙashin fitila, dole a yi sauri, wanda ya narke kuwa rabonmu ne. Wannan ɓangaren ban taɓa kuka da shi ba.

Abu guda ne ban taɓa sabawa da shi ba, ɗakin kwamfuta. Amarya za ta zo kyakkyawa da ita, wankan tarwaɗa, Ate ta sha wahala ta fito mata da launinta kamar zuma, amma sai ta tsaya a kan mai Photoshop tana cewa a ƙara fari, a rage hanci, a shafe nan, a matse can, har sai ta koma kamar 'yar tsanar roba. Ina tsaye da tsintsiya ina cewa a raina, ashe ciwon nan ba mu kaɗai yake ci ba. Na zaci matan Kano ne kawai ke yaƙi da fatarsu.

Daren biki kuwa wata duniya ce. Mata za su shigo baƙi ƙirin cikin abaya, a karɓe wayoyi masu kyamara a bakin ƙofa, da sun wuce labule sai a tuɓe, ki ga kwalliyar da ko a fim ɗin Indiya ba ki taɓa gani ba. Amarya ba ta fitowa sai dare ya raba, wani lokaci ƙarfe ɗaya ta wuce. Tana takowa a hankali zuwa gadon da aka ƙawata mata, ni kuma ina gabanta ina tafiya da baya, riƙe da fitila a kan sanda, ina addu'ar kada in taka rigar wata. Doka ce, amarya da waɗanda suka yarda kaɗai ake ɗauka, in wata baƙuwa ta faɗo a bayan hoto sai an shafe ta. Da an yi shelar ango zai shigo, kafin ki ƙifta ido zauren ya koma baƙi. A irin wannan daren ne wata dattijuwa cikin masu kiɗa ta kama hannuna ta ce, "Yarinya, mutan ina ne?" da wata irin Hausa ta mutanen da. A Makka aka haife ta, kakanta ne ya tako da ƙafa ta Chadi da Sudan ya tsallako teku. Su ne za ki ji ana kira Hausawi, ko Fallata, ko Barnawi, 'yan ƙasa ne cikakku. Ta cusa mini dabino a aljihu ta koma kan gangarta, ni kuwa na shiga banɗaki na yi kukan gida.

To yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro.

A watan Afrilu na 2013 Sarki Abdallah ya ba baƙi marasa takardu wa'adin wata uku, kowa ya gyara zamansa ko ya fita, wa'adin zai cika 3 ga Yuli. Karantina ta rikice, ba hirar da ake yi sai ta kame da gidan tarhil. Ga shi kuma watan Sha'aban ne, kowa na son ya yi bikinsa kafin azumi, muna yin biki huɗu ko biyar a mako, in dawo gida bayan asuba in koma shago da hantsi. Barcina bai fi na awa uku ba.

Ƙa'idar shagon ita ce, in an gama aikin amarya sai a sa albam da faifan sidi a cikin babban ambulan, a liƙe da salatif, 'yan Filifin su rubuta lamba a baya da lambobin boko. Rasit kuma mai karɓar kuɗi ke rubutawa, da lambobin Larabci. Ran nan dab da magariba, lokacin da ake rufe shaguna don salla, mai karɓar kuɗi ta shiga alwala, sai ga wani direba yana ta danna ƙararrawa, ya miƙo rasit ta taga. Ba aikina ba ne, amma na ce bari in taimaka. Ke da kika yi Islamiyya kin san shidan Larabawa kamar bakwai ɗin boko take. Ni ma na sani, tun ina 'yar shekara bakwai na sani. Amma idon da bai yi barci ba ba ya tuna karatu. Rasit ya ce 316, na ɗauko 317 na miƙa, direba ya ja mota.

Sai bayan isha'i ina goge kanta na ga 316 yana zaune yana kallona, ga rasit ɗinsa a soke a ƙusa. Na duba, na sake dubawa. Ƙafafuna suka ɗauki rawa, na ji kamar an zare mini laka. Na san abin da ke cikin 317, don ni na riƙe faifai ranar da aka ɗauka. Hotunan da amarya ta yi don idon mijinta kaɗai ne, gashi a sake, kafaɗa a waje. Yanzu suna wani gida, gidan da ban san maza nawa ne a ciki ba, a zamanin da kowane saurayi ke da BlackBerry a hannu. Hoto ɗaya ya fita, auren yarinyar nan ya mutu, sunan gidansu ya ɓaci, a rufe shagon Madam, ni kuma da ba ni da ko takarda ɗaya, wa zai tsaya mini?

Zan faɗa miki gaskiya ko da za ki raina ni. Ba wanda ya ga lokacin da na miƙa ambulan ɗin. Na tsaya riƙe da tsumma, zuciyata tana cewa ki cire rasit ɗin nan ki yaga, ki ɗauki wayarki ki tafi gida, gobe kada ki dawo, Jidda da faɗi, wa ya san ɗakin Gwaggo? Har na kai hannu kan ƙusar. Abin da ya tsayar da ni ba jarumta ba ce. Fuskar yarinyar ce ta faɗo mini, yadda take ta jin kunya ranar, tana rufe ƙirji da hannu, Ate tana lallashinta tana cewa ba mai gani sai mu. Har da ni a cikin "mu" ɗin nan.

Na shiga ofishin Madam na durƙusa kamar yadda ake yi a gida, na faɗa mata. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Fuskarta ce kawai ta koma kamar toka. Ta buga wayar masu 316 sau uku ba a ɗauka ba. Ta yafa abaya, ta ce in ɗauko ambulan ɗin in biyo ta. A lokacin mata ba sa tuƙi a ƙasar, sai a 2018 aka ba su dama, don haka sai da muka tsaya jiran direbanta ya dawo daga cin abinci, minti 15 da suka fi mini shekara tsawo. Muka miƙa arewa ta hanyar Madina zuwa wajen Abhur, ba mai cewa uffan. Duk motar 'yan sanda da muka wuce sai in ji hanjina ya kaɗa.

Uwar amarya ce ta karɓe mu, wata dattijuwa mai farin gilashi. Kafin Madam ta gama sallama ta ɗaga mata hannu, ta shiga ɗaki, muka ji ƙarar makulli, ta fito da ambulan ɗin. An yanke salatif. Ta ce ita ta buɗe da hannunta, ta ga shafin farko, ta ga ba 'yarta ba ce, ta rufe, ta kulle a cikin durowar gwal ɗinta. 'Ya'yanta maza sun dame ta a nuna musu albam ɗin ƙanwarsu, ta ce musu kanta ke ciwo, sai gobe. Wayar ma da gangan ta ƙi ɗauka don suna zaune a gabanta. Sannan ta tambaya, "Wa ya yi wannan aikin?"

Madam ta ce, "Kuskuren shagona ne."

Tsohuwar ta dube ni ta saman gilashi, ni da nake tsaye a bakin ƙofa ina zufa a cikin sanyin esi. Ta gane sarai. Ta ce, "'Ya'ya mata huɗu gare ni." Ba ta ƙara komai ba, ta sa aka kawo mana ruwa.

A mota ne Madam ta yi magana, idonta na kan titi. Ta ce, "Ya binti, da kin gudu, da na nemo ki ko a ina kike." Ta yanke riyal 300 daga albashina na watan, kuma daga ranar kowane ambulan sai an rubuta masa lamba iri biyu, ni ce ma aka ɗora wa rubutawa. Amma masu 317 ba a faɗa musu komai ba. An sake sabon ambulan, aka liƙe, washegari yayar amaryar ta zo da kanta, ni na miƙa mata, ta yi mini godiya har da kyautar riyal 20. Na so in yi magana, na dubi Madam, na haɗiye. Ta wani gefen na ce faɗar ba abin da za ta haifar sai tashin hankali, tunda asiri ya rufu. Ta wani gefen kuma jikinta ne, ita ke da hakkin sanin idon da ya gan shi. Shekaru sun wuce, har yau in na tuna sai na ji abin ya tsaya mini a wuya. Kuɗin nan ban iya kashe su ba, wata mai bara na ba a Bab Sharif.

An ƙara wa'adin zuwa 3 ga Nuwamba, amma sassaucin gyara zama bai haɗa da irinmu da muka shigo da bizar umara a 'yan shekarun nan ba, kuma ni ma na gaji da faɗuwar gaba. A watan Oktoba na bi layi aka ɗauki hoton yatsuna, na karɓi takardar fita. Ranar da na je sallama Ate ba ta ko ɗago kai daga kyamara ba, ta ce wai wa zai riƙe mata faifai yanzu, duk sauran ragwaye ne. Sai da na kai ƙofa ta biyo ni ta cusa mini ɗan ƙaramin ambulan a jaka, ta ce kada in buɗe sai a jirgi. Hoton nan ne na ranar da ta koya mini haske, na ukun, ashe ba ta goge shi ba. Ba a taɓa shi da kwamfuta ba, har ɗan tabon ƙyanda da ke kumatuna yana nan.

Da na iso gida ɗana ya ƙi zuwa wurina, ya ɓuya a bayan zanin Inna yana leƙe. Na zauna a tabarma ina fito da tsaraba, hoton ya faɗo. Inna ta ɗauka, ta kai shi nesa da ido, ta matso da shi, ta dube ni, ta sake duban sa. Ta ce, "Ikon Allah. Wannan 'yar wace ce, mai kama da ke?"